Kwamfutar Malam Taswira

A sashen nazarin ƙasa na jami'ar, Injiniya kowa ke ce mata, ko da yake ba injiniyanci ta karanta ba. Shekara goma sha huɗu ke nan tana kula da kwamfutocin sashen. Ofishinta na can ƙarshen baranda a hawa na biyu, gaba da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, kuma ko taga babu. Rabin ɗakin wata doguwar durowar ƙarfe ce ta cinye shi, a cikinta babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa take, wadda suke kira saba, tana gurnani safe da yamma. Saboda ita aka sa na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa ko ana zabga zafi a waje, Injiniya na ciki da rigar sanyi.

Ba mai zuwa ɗakin sai da matsala: firinta ta ƙi, intanet ya ɗauke, firojekta ya mutu ana tsakiyar lacca. In komai na tafiya daidai, sai ta yi kwana uku ba wanda ya ce mata ci kanki. A gida ma kusan haka abin yake. Tun da aurenta ya mutu take zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayanta, 'ya'yansa na ce mata Anti, suna kawo mata wayoyinsu in sun cika ko sun ƙi caji.

Da aka yi dogon hutu, ginin ya zama kamar an yi shara. Malamai sun watse, ɗalibai sun tafi, ita kuwa lokacin ne aikinta ya taso. Za ta sauya kwamfutoci arba'in da biyu na ɗakin ɗalibai, da na ofisoshin malamai, ta kwashe fayiloli zuwa sabuwar saba. Ranar Juma'a mutanen babban ofishin kwamfuta na jami'a za su zo da mota su kwashe tsofaffin, kuma doka ce a goge duk abin da ke cikinsu kafin su bar ginin.

Ranar Talata da hantsi, tana durƙushe tana yanke igiyar wani kwali, aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Wata dattijuwa ce tsaye, doguwa, riƙe da jaka da hannu biyu a gabanta, tana haki saboda hawan bene.

"Sannu da aiki. Ke ce Injiniya?"

"Ni ce, Hajiya. Shigo ki zauna."

Kujera ɗaya ce a ɗakin. Ta kwashe wayoyin da ke kai ta tura mata, ita kuma ta ɗosana a kan kwalin.

"Ni ce matar Malam, na ofishi na tara," in ji dattijuwar.

Ofishi na tara na Malam Taswira ne. Shekara talatin ya yi yana koyar da zanen taswira, ɗalibai suka laƙaba masa sunan, shi ma ya karɓa da hannu biyu. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, bayan jinya ta kwana huɗu. Da yatsa biyu yake buga rubutu, kuma kusan duk Litinin sai ya manta kalmar sirrinsa. Ba ya kiran waya kamar sauran malamai, da ƙafarsa yake takowa har ƙarshen baranda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, daƙiƙin ɗalibinki ya dawo." In ta gyara masa ba ya tafiya, sai ya jingina da bango ya hau ba ta labarin wani kogi da ya sauya hanya shekaru ɗari da suka wuce. Sau da yawa tana gyaɗa kai ne kawai, idonta na kan aiki, tana jira ya gama.

Injiniya ta yi wa matar gaisuwar rasuwa, matar ta amsa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Malam shi ne mai ɗaukar hoto a gidan. Tun yaran suna ƙanana yake ɗauka, da kamara, daga baya da waya, kuma duk ƙarshen wata sai ya kwashe su ya zuba a kwamfutar ofis don wayar ta samu wuri.

"Cewa yake nan ne ba za su ɓata ba, tunda akwai mai kula," in ji ta. "Sakatariya ce ta gaya mini za a kwashe kwamfutocin. Ni dai ko ba a samu komai ba, akwai na bara da nake so. Shekara talatin da uku muna tare, bara ne ya kai ni na ga teku, mu biyu kaɗai, ba yaro ko ɗaya. Kullum sai ya ce zai wanko su, har Allah ya yi ikonsa."

Injiniya ta kira shugaban sashe don neman izini. Sai a kira na uku ya ɗauka, da hayaniyar mutane a bayansa.

"Ranka ya daɗe, maganar kwamfutar marigayi ce. Iyalinsa na son hotunansu."

"Ai ke kika san wannan, Injiniya. Ki yi abin da ya dace, ki dai tabbatar ranar Juma'a an kwashe komai. Af, firintata ta gida ma tana wani abu, in na dawo zan kawo miki."

Ta karɓi makulli wurin mai gadi, suka tafi tare. Ba wanda ya buɗe ofishin tun rasuwar. Taswirori a nannaɗe sun cika wani kwandon roba a lungu, ga kofin shayinsa a kife a kan takarda, ga silifas ɗinsa a ƙarƙashin tebur an jera su daidai. Dattijuwar ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ba ta taɓa komai ba.

Injiniya ta danna maɓalli. Kwamfutar ta yi numfashi, sai kuma daga cikinta aka ji ƙat, ƙat, ƙat, kamar ana buga farce a kan tebur. Allon ya tsaya baƙi.

Ta san ƙarar. Faifan ajiya ne in ya kama hanyar mutuwa. Kuma a take ta tuna. Mako biyu kafin ya kwanta, Malam ya zo bakin ƙofarta ya ce, "Injiniya, kwamfutata ta fara tari." Lokacin ana tsakiyar buga sakamakon jarrabawa, malamai huɗu na tsaye a kanta. Ta ce za ta zo, ta rubuta a wata 'yar takarda ta manna a allon bango. Bayan kwana uku ya dawo ya ce tarin ya ƙaru, ta ce masa gobe.

"Lafiya?" in ji dattijuwar.

"Tana buƙatar ɗan aiki, Hajiya. Ki dawo jibi, Alhamis."

Da ta raka ta bakin bene ta dawo ofishinta, sai ta ɗaɗɗaga takardun da ke manne a allon. Tana nan a ƙarƙashin wasu biyar, da rubutun hannunta: "Ofis 9, ƙara." Ta cire ta, ta duba kwandon shara, sai kuma ta sa ta a aljihun rigar sanyi.

Ta fara da duba saba, ko Allah zai sa ya ajiye kwafi a can. Foldarsa na nan, laccoci da taswirori da tambayoyin jarrabawa, amma hoton iyali ko ɗaya babu. Ta san dalili. Shekara shida da suka wuce, da wuri ya yi ƙaranci, ita da kanta ta aika wa kowa saƙo cewa kada a ƙara ajiye hotuna da bidiyo na gida a saba. Ba wanda ya kula ta. Har yau foldar wani farfesa cike take da fina-finai, ta wata malama kuma da hotunan takalman da take sayarwa. A duk sashen Malam Taswira ne kaɗai ya ji magana.

Ta kwance kwamfutar ta ciro faifan, wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ta ɗauko shi kamar ƙwai. Ta jona shi da tata kwamfutar, ta sa masa 'yar fanka don kada ya yi zafi, ta kunna manhajar da ke lallaɓa irin wannan faifai, tana karanta inda ke da lafiya tana tsallake inda ya lalace. Aiki ne mai tafiyar hawainiya. A awa ɗaya bai fi hoto ɗari biyu ba.

Haka ta raba kanta biyu, Talata da Laraba. Ta sauka ɗakin ɗalibai ta haɗa sababbin kwamfutoci uku ko huɗu, ta ɗaure wayoyi, ta gwada, sannan ta hau bene ta leƙa faifan. A duk ginin ba motsin kowa sai na takalminta. Da rana ta ci biskit da shayi a tsaye, don kujerar ta ɗora mata fanka.

Dole ta riƙa buɗe hotunan don ta tabbatar sun fito lafiya, ta haka ta ga abin da ba ta taɓa tambayarsa ba. Ya jera su shekara-shekara, kowace folda da sunan wata, tsaf kamar aikin taswira. Ga shi da baƙin gashi yana tura yarinya a kan keke. Ga shi ya yi barci a kujera, baki buɗe, jariri na kwance a ƙirjinsa. Ashe 'ya'yansa biyar. Shekara goma sha huɗu yana tsayawa a ƙofarta, ba ta san haka ba.

Ranar Laraba wajen ƙarfe huɗu, tana hawa bene ta ji shiru ya yi yawa. Faifan ya daina ƙarar, ya daina juyawa gaba ɗaya. Ta cire ta mayar, ta sauya waya, ta bar shi ya huce ta sake gwadawa. Ta kira wani tsohon abokin karatunta da ke babban ofishi ta kwatanta masa.

"Ya tafi ke nan," in ji shi. "Ke ma kin sani. Ki haƙura da abin da kika samu."

Ta samu hotuna dubu huɗu da 'yan kai, daga farko har zuwa shekara biyu da suka wuce. Foldar bara ta fito da suna, "Teku", da hotuna sittin da uku a jere, amma duk wanda ta buɗe sai ta ga fili launin toka. Guda ɗaya ne ya buɗe rabi: sararin sama, layin ruwa, saman hularsa da saman ɗankwalinta kusa da juna. Daga goshi zuwa ƙasa toka.

Da yamma a gida, yayanta na gaban talabijin ya tambaye ta ya aiki, bai juyo ba.

"Yaya, wani abu ne ya faru. Ka tuna malamin nan da na ce maka ya rasu?"

"Allah ya jiƙansa. Ke, don Allah duba mini wayar nan, tun safe take cewa wuri ya cika."

Ta karɓa ta gyara masa, ta shiga ɗaki.

Ta san abin da za ta iya faɗa wa matar. Faifai ne ya tsufa, wata biyar a rufe, haka suke yi. Ba ƙarya a ciki, kuma ba mai sanin sauran maganar sai ita da wanda ke kwance a ƙasa. Da wannan ta fito ranar Alhamis, ta yi ta maimaita shi a bas har ta haddace.

Dattijuwar ta zo tun ƙarfe goma. Injiniya ta zaunar da ita a gaban allo ta fara nuna mata. Matar ta riƙa kai yatsa kusa da gilashin tana faɗin sunayen yara, ta yi dariya a wurin hoton barcin, ta goge ido da bakin mayafi. Sun fi rabin awa a haka kafin ta ce, "To, na tekun fa?"

Injiniya ta buɗe mata rabin hoton.

"Wannan kaɗai ya fito, Hajiya. Sauran sun tafi."

Matar ta daɗe tana kallo. "Babu yadda za a yi?"

"Babu."

"To, haka Allah ya so. Kin yi ƙoƙari, ƙanwata. Abu ne ya tsufa."

Ga maganar da ta haddace, matar ta faɗa mata ita da bakinta. Abin da ya rage ta ce haka ne. Sai ta ji hannunta ya shiga aljihu ya fito da 'yar takardar, ta ajiye ta a kan tebur.

"Ba tsufa ba ne kaɗai. Malam ya zo ya gaya mini tana ƙara, kafin ya kwanta. Na rubuta, ban je ba."

Dattijuwar ta ɗauki takardar ta nisanta ta da idonta ta karanta.

"Sau nawa ya zo?"

"Sau biyu."

"Da kin je a lokacin, da an same su?"

"Da an same su duka. Aikin awa ɗaya ne."

Matar ta ajiye takardar daidai inda ta ɗauke ta, ta gyara zaman jakarta a cinya.

"Da ba ki faɗa ba, da ban sani ba."

"Na sani, Hajiya."

"Ban san abin da zan ce miki yanzu ba."

Ta karɓi filash, 'yar ma'ajiyar da Injiniya ta zuba mata hotunan a ciki, ta sa a cikin 'yar jakar kuɗinta ta ja zif, ta miƙe. Injiniya ta tashi za ta raka ta, matar ta ce ta bari, ta gane hanya.

Ranar Juma'a motar ta zo, aka loda tsofaffin kwamfutoci, har da ta ofishi na tara. Aka koma karatu. Ɗalibai suka zauna a gaban sababbin kwamfutoci kamar dama can suna nan. Wani sabon malami ya tare a ofishin Malam, ya sa aka fitar da kwandon taswirorin baranda, inda ya yi kwana biyu kafin Injiniya ta ja shi zuwa ɗakinta ta tura bayan ƙofa.

Mako uku bayan haka, wata lamba da ba ta sani ba ta kira ta.

"Injiniya, ni ce. Abin nan da kika ba ni ya ƙi nunawa a talabijin. Yaran duk za su haɗu ranar Asabar, babbar 'yata ma za ta zo daga nesa. Ko za ki iya leƙowa?"

Ba ta ce komai game da wancan zancen ba, ita ma Injiniya ba ta tayar ba.

Bas biyu ta hau kafin ta isa. Ƙaramin gida ne mai bishiyar lemo a tsakar gida. Falon cike yake, 'ya'ya biyar da surukai da jikoki, wasu a kujera wasu a ƙasa. Aka gaisa da ita sama-sama, aka nuna mata talabijin. Tsohuwar talabijin ce, ba ta karanta filash. Injiniya ta fito da kwamfutarta ta hannu da wata waya daga jaka ta jona, sai ta tarar ramin da ke bayan talabijin ɗin ya saki, da zarar ta sake hannu hoton ya ɗauke. Ta gwada tokare shi da littafi, ya ƙi. Ta miƙa wa babbar 'yar kwamfutar ta nuna mata inda za ta riƙa dannawa, ita kuma ta durƙusa a bayan talabijin, tsakaninta da bango, ta riƙe wayar da yatsu biyu.

Daga nan ba ta ganin hotunan, fuskokinsu kawai take gani. Hoton farko na fitowa falon ya kaure. Wannan na cewa dubi kunnen wane, wancan na rantsuwa ba shi ba ne ya fasa gilashin motar, autar gidan ta kifa kai a cinyar yayarta tana kuka tana dariya. Wani ya miƙo mata lemo a kofi, ya ga hannunta ba sarari, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarta. Daga nan ba wanda ya ƙara dubanta. Ƙafarta ta yi sanyi, ta sauya gwiwa.

Can sai falon ya yi tsit, ta gane an zo kan rabin hoton.

"Mama, wannan ya lalace," in ji babbar 'yar. "In wuce?"

"Bar shi." Dattijuwar ta matso bakin kujera ta nuna ƙasan allon. "Nan inda babu komai, babanku ne tsaye ya naɗe wando har gwiwa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zana ruwa a takarda, ranar nan igiyar ruwa na tahowa ya saki hannuna ya ruga, takalminsa ɗaya ya bi ruwa. Wani mai sayar da balan-balan ne ya ɗauke mu, yana ta dariya har hannunsa na rawa. Da takalmi ɗaya muka koma masauki."

Aka fashe da dariya. Jikoki suka ce ta sake faɗa, ta sake, ta ƙara da abin da ya ce wa direban tasi. Ko sau ɗaya ba ta dubi bayan talabijin ba.

Sai da rana ta yi sanyi aka gama. Injiniya ta naɗe wayarta, ta rubuta wa babbar 'yar irin wayar da za su saya da wurin da za a gyara ramin. Dattijuwar ta rako ta har bakin ƙofar gida, suka tsaya.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, raina bai gama sanyi ba," in ji ta. "In na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni a nan. Amma tun bayan makon farko na rasuwar, ba wanda ya tako gidan nan daga sashenku sai ke. Ki riƙa zuwa, ko ba abin da ya lalace."

"To, Hajiya."

"Ba 'to' ta ofis ba."

Injiniya ta yi ɗan murmushi, ta sunkuyar da kai. Daga cikin gida aka kira Mama, matar ta juya ta koma, ƙofar ta rufe.

A bas ta samu wuri kusa da taga. Yatsunta biyu sun ƙage, ta riƙa murza su da ɗaya hannun. Ba ta san ko za ta koma gidan ba, ko kuma in ta koma me za ta zauna ta ce. Da aka kusa unguwarsu ta ce wa kwandasta akwai mai sauka, tun saura tasha ɗaya, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana tafiya a hankali.